Lissafin labari da yaro mai galahanga

Masu sauraro, a shirinmu na wannan mako mun taɓo maganar yara masu galahanga, abin da likitoci ke kira otizim. Ba aikin iska ba ne. Yanayi ne da ƙwaƙwalwar yaro ke tasowa da shi, yana shafar magana da mu'amala da mutane.

Da yawansu sun iya lissafin lamba. Rubuta masa 12 a cire 5, nan take zai ce 7. To amma ce masa: "Bello na da awaki 12, ya kai 5 kasuwar Jibiya ya sayar, nawa suka rage?" sai ya tsaya cak. Wane Bello? Ina Jibiya? Labarin ne ya sha masa kai, lissafin kam yana nan.

Abin yi, a maida labarin abin da hannu zai taɓa. Zana da'ira biyu a ƙasa, ɗaya ruga, ɗaya kasuwa. Ba shi tsakuwa 12 a ruga, shi da kansa ya kora 5 zuwa kasuwa, ya ƙirga saura. In ya saba, a koma zane a allo, daga baya lambobi. Kullum a bi tsari ɗaya: karanta, jera, mene ne ake tambaya, sannan amsa. Waɗannan yara sun fi natsuwa da abin da ba ya canzawa.

Akwai wata dabara da ni dai ban yarda da ita ba, wai duk inda yaro ya ji "saura" ya cire. Gwada wannan: "Ya sayar da awaki 5, saura 7, nawa yake da su da farko?" Yaron zai ce 2, alhali 12 ne. Shi kuwa mai galahanga in ya riƙe doka, raba shi da ita aiki ne.

'Yan kasuwar iyaka, ga naku. A Maraɗi in an ce dala ashirin, sefa 100 ake nufi, littafin lakkol kuma 100 zai rubuta. Yaron da ke ɗaukar magana yadda ta fito zai rubuta 20. Kar a yi masa tsawa. A rubuta masa a ɗan kwali, dala ɗaya sefa 5 ce, ya riƙa dubawa duk sanda kuɗi ya shigo cikin tambaya.