Mutum-mutumin yumɓu da suka adana gayun matan Sin na shekara 1,300

A farkon ƙarni na 20, masu aikin shimfiɗa layin dogo kusa da birnin Luoyang na ƙasar Sin suka riƙa cin karo da tsofaffin kaburbura. A ciki akwai dawakai da raƙuma da 'yan mata, duk na gasasshen yumɓu.

An ƙera su ne a zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga shekarar 618 zuwa 907. Masu hali sukan binne mamatansu tare da su, bisa imanin cewa za su yi wa mamacin hidima. Da yawa an shafe su da ruwan ƙyalli mai launi uku: kore da ruwan ƙasa da fari.

Alharinin da matan zamanin suka sa galibi ya ruɓe, amma yumɓu ya tsira. Shi ya sa masana tarihi ke dogaro da waɗannan siffofi wajen gane yadda ado ya riƙa sauyawa.

Na farkon daular sirara ne, da riga mai matsattsen hannu da dogon siket da ake ɗaurawa a ƙirji, gashi kuma a tufke can sama. Zuwa zamanin Sarki Xuanzong, wanda ya hau mulki a 712, yayi ya koma ga mace mai jiki da kumatu, cikin sutura mai yalwa. Ana yawan danganta wannan da Yang Guifei, matar da sarkin ya fi ƙauna, sai dai yayin ya riga ta shiga fada.

Wasu siffofin na mata ne a kan doki, suna wasan folo, sanye da wando da kayan maza ko tufafin baƙin Asiya ta Tsakiya da fatauci ya kawo Chang'an, babban birnin daular.

Wannan sauyi bai yi wa fada daɗi ba. A da, mace mai daraja kan lulluɓe jikinta baki ɗaya idan za ta hau doki, daga baya aka koma malafa mai ɗan mayafi zuwa wuya. A 671 Sarki Gaozong ya fitar da doka yana tsawatarwa, amma mata ba su daina ba. Bayan shekaru da dama, mayafin ma ajiye shi suka yi.

Yau ana ganin irin waɗannan siffofi a gidan tarihin Shaanxi da ke Xi'an, inda tsohon Chang'an yake.