BINDIGA MAI SAKATA: SABUWA KO TSOHUWA?

A tarurrukan da muka yi da ƙungiyoyin gama kai bayan girbin bana, kuka ɗaya muka yi ta ji a ƙauyukan da ke gindin dutse da bakin kurmi. Gadu ya tone rogo, gwaggon biri ya karya masara, gyazbi ya yanke shinkafa. A wata ƙungiya har an kawo shawara a ciri kuɗi daga asusu a sayi bindiga, a danƙa wa maharbin gari. Wani dattijo ya ce ya san mai tsohuwar bindiga irin mai sakata, ta gado ce, zai sayar da araha. Samari kuwa suka ce a'a, sabuwa za a nema. Muka roƙe su su dakata tukuna, gama kuskure a kan wannan magana yana iya cin kuɗin ƙungiya, ya kai ɗan'uwa kurkuku, ko ya ci ran mutum. Ga bayanin da muka yi musu alkawari.

Mece ce bindiga mai sakata?

Yawancinmu mun saba da bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, da kuma mai baki ɗaya ko biyu da ke watsa ƙananan dalma. Mai sakata dabam take. Harsashi ɗaya take fitarwa a kowane harbi, kuma a cikin bututunta an yi zane mai murɗawa, wanda ke sa harsashin ya tafi yana juyi kamar katantanwa. Wannan juyi shi ke sa ya tafi sak, ya kuma yi nisa ƙwarai.

Ana ce mata mai sakata domin ƙarfen da ke rufe bayan bututun yana aiki kamar sakatar ƙofa. Maharbi yakan ɗaga hannun sakatar ya ja baya, sai kwanson da aka harba ya faɗo waje. In ya tura gaba sai ta ɗauko sabon harsashi, in ya sauke hannun sai haƙoranta su kulle. Ba ta da tarkace da yawa, shi ya sa take jure ƙurar hunturu da wahalar daji.

A Jamus aka fara ba soja irin wannan bindiga, a 1841. A 1898 kamfanin Mauser ya fito da samfurin da har yau maƙera ke kwaikwayonsa, mai ɗaukar harsashi 5. Ingila kuwa ta karɓi Lee-Enfield a 1895, mai ɗaukar harsashi 10. Ita ce kakanninmu suka saɓa a yaƙin Bama, ita ce kuma 'yan sandanmu suka daɗe suna riƙewa, wadda mutane ke kira Mark 4. Daga baya kamfanonin Amurka suka yi waɗanda aka ƙera musamman domin farauta, kamar Winchester 70 a 1936 da Remington 700 a 1962.

Doka ce ke fara zaɓe

A ƙasashen da ake sayar da waɗannan bindigogi a kanti, mai saye yakan fara da tambayar wadda ta fi kyau. A Nijeriya tambayar fari ita ce: wacce doka ta yarda mutum ya riƙe? Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku. Kashi na ɗaya shi ne haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu shi ne bindigogin farauta, waɗanda lasinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku shi ne bindigar toka da 'yan'uwanta, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasinsu.

A lura da wannan da kyau. Dokar ta lissafta bindigogin soja cikin haramtattu, ta kuma gane su da faɗin bakinsu: milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303. Tsohuwar Lee-Enfield kuwa .303 ce. Watau tsohuwar bindiga mai sakata da aka fi samu a ƙasarmu, wadda wani zai kawo muku a naɗe cikin buhu da araha, ita ce wadda manomi ba shi da halin riƙewa. Ko an yanke itacenta an gyara ta ta yi kama da ta farauta, bakinta bai sake ba. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga bai gaza ɗaurin shekara 10 ba. Sabuwa ma ba ta tsira ba. Harsashin .308 da na .30-06, waɗanda maharban Amurka ke yabo, faɗinsu ɗaya ne da milimita 7.62.

Dokar ta kuma hana ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin ido, da mashayi, da wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Lasin na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya mai lambarta. Ba a aronsa, ba ya bin gado. In mai lasin ya rasu, magada su sanar da 'yan sanda nan da nan, kada su ɓoye ta a rufin ɗaki. Saboda haka zancen "bindigar ƙungiya" da kowa zai ɗauka in ya bukata, babu shi. A watan Agusta 2023 kuma Sufeto Janar ya sanar da dakatar da ba da sabon lasin saboda yawan makamai a hannun mutane. Kafin a taɓa ko kwabo na asusu, a je hedkwatar 'yan sanda ta jiha a ji matsayin da ake ciki yau.

In tsohuwa ce

Mu ɗauka maharbi yana da lasin, bindigar kuma tana cikin waɗanda doka ta yarda da su, kamar mai harsashin 7x57, ko .270, ko .243. Tsohuwa tana da nata kirki. Ƙarfenta mai kyau ne, aikin hannu ne na gwanaye, sau da yawa kuma ta fi araha. Amma shekaru suna ɓoye cuta. Ga abin da za a duba, bayan an tabbata babu harsashi a cikinta:

1. Takardu da lamba. Lambar da ke jikin bindiga ta yi daidai da ta takarda. In an goge lamba ko an sake bugawa, a bar ta nan take.

2. Sakata. Tsofaffi da yawa an buga lamba a jikin sakatarsu ma. In ta saɓa da ta bindigar, an ɗauko ta ne daga wata. Wannan yana iya barin rata tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi. In ratar ta yi yawa, kwanso yakan tsage lokacin harbi, iska mai zafi ta dawo wa maharbi a ido. Ido ba ya ganin wannan rata, sai ma'aunin gwani.

3. Cikin bututu. A cire sakata a leƙa ta baya wajen haske. Zanen ya fito sarai, cikin yana ƙyalli. In ya yi duhu da ramuka, tsatsa ta ci shi. Harsasan dā suna barin wani gishiri a bututu wanda ke jawo laima, shi ya sa tsofaffin sojoji ke zuba tafasasshen ruwa a ciki bayan harbi. Bindigar da ba a yi mata haka ba, damina ɗaya ta isa ta lalata ta. In kuma an ga wani wuri ya kumbura, an taɓa harba ta a toshe. Ba a gyara wannan.

4. Itace. A duba tsagewa a wuyan da hannu ke kamawa, da cin gara. Itacen da aka ɗaure da waya ko roba ya riga ya gaya muku labarinsa.

5. Kunama da makulli. In an sa makulli aka ja kunama, kada ta saki. In an rufe sakata da ƙarfi, kada ta saki da kanta. Wadda wani ya goge kunamarta da zarto don ta yi laushi, tarko ce.

Gyaran bindiga ba aikin maƙerin garma ba ne. Doka ta keɓe shi ga waɗanda aka ba izini.

In sabuwa ce

Sabuwa ba ta da ɓoyayyen tarihi, ta hannun dillali mai rajista take fitowa da takardunta. Yawancin na yanzu suna da gindin roba mai ƙarfi maimakon itace, wanda ba ya kumbura da damina, gara kuma ba ta cinsa. An huda musu wurin ɗora madubin hange, ba su da nauyi sosai. Aibinsu tsada, gama da kuɗin waje ake shigo da su. Mara nauyi kuma ta fi dukan kafaɗa, maharbin da ke tsoron duka kuwa yakan rufe ido ya kuskure.

Ko sabuwa ko tsohuwa, a fara tambayar harsashi. Bindigar da ba a samun harsashinta ta hanyar halal sanda ce kawai, kuma ita ke tura mutum kasuwar dare. Kada a taɓa sa harsashin da ba lambarsa ce aka buga a jikin bututu ba, ko da ya shiga.

Nisan harsashi

Wannan ne ya fi damunmu. Ƙananan dalma na bindiga mai baki biyu suna faɗuwa cikin 'yan mitoci ɗari. Ƙaramin harsashin .22 yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi. Manyan kuwa, irin su .270, suna iya wuce kilomita 3. Ku auna wannan da ƙauyenku. Cikin kilomita 3 daga gonar rogo akwai rafin da mata ke ɗiban ruwa, akwai hanyar makaranta, akwai makiyayi da shanunsa. Wanda ya harbi biri a kan itace ya kuskure bai san inda harsashin zai sauka ba. Maharbi na gaskiya ba ya jan kunama sai ya ga dabbar sarai, ya kuma ga tudu ko ƙasa a bayanta da za ta tare harsashi. Gyazbi da dare yake ɓarna, harbin dare kuwa yana iya kashe mutane bisa kuskure.

Lasin bindiga kuma ba izinin farauta ba ne. Wannan yana hannun ma'aikatar gandun daji ta jiha. An hana farauta a Yankari da Gashaka-Gumti da sauran wuraren da aka keɓe, dokar 1985 kuma ta kāre dabbobin da ke neman ƙarewa.

Shawararmu

Ga ƙungiyar da ta kawo tambayar, da sauran masu irin wannan tunani, muna cewa kada a sa kuɗin asusu a bindiga. Kuɗin sabuwa ɗaya zai yi aiki mai yawa a wani wuri. A haɗa gonakin bakin daji a shuka lokaci ɗaya, domin a raba gadi tsakanin gidaje, a ɗaga rumfar tsaro, a ajiye karnuka. A nome ciyawar da ke kewaye da fadamar shinkafa, gama gyazbi ba ya son tsallake fili. A yi shingen ƙaya da rami a gefen da gadu ke shigowa. In ɓarna ta fi ƙarfinku, shugaban ƙungiya da mai unguwa su kai ƙara wurin ma'aikatan gandun daji a rubuce.

Maharbin da ke da lasinsa, wanda farauta ce sana'arsa tun dā, shi ne wannan zaɓi ya shafa. Gare shi muna cewa tsohuwa mai takardu wadda gwani ya auna ta fi sabuwar da aka ci bashi aka saya, sabuwa mai takardu kuma ta fi kowace tsohuwa da ba a san asalinta ba. Ya ajiye ta a kulle, ba harsashi a ciki, harsasai kuma a wani wuri dabam inda yara ba za su kai ba.

Akwai maganar da ba a faɗa a taron ba, amma mun ji ta a ƙarƙashin murya. Mun san wahalar rashin tsaro da yankunanmu ke sha, mu ma a cikinta muke. Duk da haka, bindigar da aka saya da sunan gadu alhali zuciya na kan mutum, ba za ta kawo wa Ekklesiya salama ba. Wanda ya san yana da irin wannan a ɓoye, ya nemi fastonsa ko dattawa su raka shi ya miƙa ta ga hukuma.

Sakatarorin ƙungiyoyi su karanta wannan a taro na gaba, su aiko mana da dabarun da suka yi musu amfani wajen korar dabbobi, domin mu buga wa sauran 'yan'uwa. Allah ya kiyaye gonakinmu da rayukanmu, ya ba mu damina mai albarka.