Yazoo: Makaɗa Biyu da Na'ura Mai Amo Ɗaya

Duk ɗalibin da ya taɓa sauraron kiɗan fiyano a gidan biki a Paki ko Makarfi, ya ji ganga da sarewa na fitowa daga akwati guda, ba fata ba kara. Irin wannan kiɗa ne ya ɗaukaka Yazoo, ƙungiyar mutum biyu daga garin Basildon na Ingila.

Vince Clarke ya bar ƙungiyar Depeche Mode a ƙarshen 1981, ya haɗu da mawaƙiya Alison Moyet. Na'urarsa, Pro-One, lantarki take girgizawa ya zama amo. Yawan girgizar a daƙiƙa shi ke sa amon ya yi sama ko ƙasa. Sai dai amo ɗaya tak take fitarwa a lokaci guda, don haka dole ya naɗi kowane sashe daban a tef, ya ɗora wani bisa wani, aikin haƙuri kamar saƙar tabarma.

Waƙarsu "Only You" ta kai matsayi na 2 a Birtaniya a 1982. Manyan faifai biyu kacal suka fitar. Jituwa ta yi ƙaranci, har a na biyun kowa da lokacin shigarsa situdiyo. Sun rabu a 1983, sai a 2008 suka sake hawa dandali tare.