RON BARASSI: MARAYAN DA YA SAUYA ƘWALLON OSTARELIYA

Ran Asabar 16 ga watan Satumba na shekarar 2023 ne wani dattijo mai suna Ron Barassi ya mutu a birnin Melbourne na ƙasar Ostareliya yana da shekara 87 a duniya, bayan wata faɗuwa da ya yi. Mai yiwuwa ne mai karatu bai taɓa jin ko sunansa ba, amma a can ƙasarsu sai da hukuma ta shirya masa taron ban kwana na musamman a babban filin wasan kurket na Melbourne, filin da ya yi suna a cikinsa tun yana saurayi. Waɗanda suka yi juyayinsa suna cewa da mutuwarsa an rufe littafin wasan zamanin da. Abin da ba su cika faɗi ba shi ne, babu wanda ya kai shi wannan mamacin sa hannu wajen rushe wancan zamani.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a san irin wasan da ake magana. Su ma ƙwallon ƙafa suke kiransa, amma ya sha bamban da wanda muka sani. Ƙwallon kamar ƙwai take, filin ma haka, ga shi kuma da faɗi ƙwarai, don asalinsa filin kurket ne. Kowane gefe mutum 18 ne, babu gola, babu satar gida. A kowane ƙarshen fili akwai sanduna huɗu a tsaye. In mutum ya buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen biyu na tsakiya ya sami maki 6, in ta bi ta gefe maki 1. An yarda a riƙe ƙwallo a yi gudu da ita muddin ana buga ta da ƙasa jefi-jefi, amma ba a yarda a jefa wa abokin wasa ba, sai dai a ɗora ta a tafin hannu ɗaya a naushe ta da ɗayan. Wanda kuwa ya cafke ƙwallon da aka bugo daga nesa kafin ta taɓa ƙasa, an ba shi damar bugu ba mai tare shi. Don haka ne za ka ga ƙato ya taka kafaɗar ɗan'uwansa ya tashi sama kamar shaho. An rubuta dokokin wasan a Melbourne a 1859, wato shekara huɗu kafin Ingila ta kafa hukumar ƙwallonta.

WASAN UNGUWA

A zamanin ƙuruciyar Barassi, babbar gasar Jihar Victoria kulob 12 ce kawai, 11 a unguwannin Melbourne, ɗaya a garin Geelong. Kowace unguwa da filinta, kuma kusan duk wasannin ran Asabar da rana ake yin su, lokacin hunturu, sau da yawa cikin ruwa da taɓo. 'Yan wasa ma'aikata ne kamar kowa, wani malamin makaranta, wani akawu, wani lebura, sai an tashi daga aiki su je motsa jiki. Har doka aka yi a 1930 cewa kada a biya ɗan wasa fiye da fam 3 a wasa guda. Bugu da ƙari, yaro ba shi da zaɓi, kulob ɗin da aka yanka wa unguwarsu shi zai yi wa wasa. Mutum yakan gaji kulob daga ubansa kamar yadda ake gadon gona, ya mutu a kai, kuma barin kulob ɗinka ka koma na maƙwabta abin kunya ne wanda ba a mantawa.

An haifi Barassi a garin Castlemaine ran 27 ga watan Fabrairu, 1936. Ubansa, wanda shi ma sunansa Ron, ɗan wasan kulob ɗin Melbourne ne, yana cikin waɗanda suka ci kofi a 1940. Daga nan ya tafi yaƙin duniya na biyu, aka kashe shi a Tubruk ta ƙasar Libiya a 1941, ya bar yaro ɗan shekara biyar. Abokan wasan uban suka yi alkawarin ba za su yar da matar da marayan ba, kuma sun cika. Da yaron ya tasa aka ga yana da ƙafa, sai ga matsala, domin inda yake zaune ba yankin Melbourne ba ne. Kulob ɗin ya matsa wa hukumar gasa lamba a kan wata ƙa'ida wadda ta ba ɗa damar bin sawun ubansa ko a wace unguwa yake, da ita aka kawo shi. Har yau ana aiki da wannan ƙa'ida. Da uwarsa ta sake aure ta koma tsibirin Tasmania, sai mai koyar da 'yan wasan Melbourne, Norm Smith, abokin ubansa, ya ɗauke shi ya ba shi ɗaki a bayan gidansa. Ya fara wasa a 1953 da lamba 31 a baya, lambar ubansa.

Smith bai yi masa sassauci don yana cin tuwon gidansa ba, an ce ma ya fi matsa masa a kan kowa. Tsawon Barassi bai kai ƙafa 6 ba, saboda haka ya yi gajarta ga masu tsallen tsakiyar fili, ya kuma yi girma ga ƙananan nan masu tsintar ƙwallo a ƙasa. Sai aka ƙirƙiro masa aiki tsakanin biyun, ya bi ƙwallo duk inda ta shiga, ya fasa taro da ƙirji. Ba gwanin ado ba ne, naci ne da shi da ƙin yarda da kaye. Da shi Melbourne ta ci kofi sau shida, a 1955, 1956, 1957, 1959, 1960 da 1964, biyun ƙarshe yana kyaftin.

RANAR DA YA BAR GIDA

Ana cikin murnar kofin 1964 sai labari ya ɓulla wai Barassi zai koma Carlton ya zama kyaftin kuma mai koyarwa. Gari ya ɗauka. Yaron da aka yi wa hanya ta musamman don ya gaji ubansa, wanda aka rena a gidan Norm Smith, shi ne zai juya wa Melbourne baya bayan wasa 204? Magoya baya da yawa suka kira shi maci amana. A ganina sun yi masa rashin adalci. Mutumin yana son koyarwa, kujerar kuwa a Melbourne ta ubangidansa ce, bai ga yadda zai hau ta ba sai an ture wanda ya rene shi, sai ya gwammace ya fita. Amma ko me ya nufa, ya buɗe ƙofa. Tun da Barassi ya tafi, wa kuma za a ce wa kada ya tafi?

Melbourne dai ba ta ji daɗin abin da ya biyo baya ba. A tsakiyar 1965 shugabannin kulob suka kori Smith, suka mai da shi bayan 'yan kwanaki da jama'a suka yi musu ca, amma an riga an ɓata. Ba su sake ɗaga kofi ba sai a 2021, bayan shekara 57. Carlton kuwa, wadda ta zo ta 10 a 1964, ta ci kofi a 1968, karo na farko cikin shekara 21.

Wasan da ya fi fito da sunansa shi ne na ƙarshen gasar 1970, Carlton da Collingwood, tsofaffin abokan gaba, a gaban 'yan kallo 121,696, yawan da ba a sake tarawa ba a wannan wasa har yanzu. Da aka tafi hutun rabin lokaci Collingwood tana da 73, Carlton 29. Ratar maki 44 ke nan, kowa ya ɗauka an gama. A wancan zamani al'ada ita ce in ka cafke ƙwallo ka tsaya, ka ja da baya, ka buga ta da nisa, a sake kokawa a can. Naushin ƙwallo kuwa dabarar wanda aka ritsa ce, kuma ɗan baya da ya yi shi kusa da gidansu zai sha faɗa. Barassi ya ce wa yaransa su watsar da wannan duka, kada kowa ya tsaya, su yi ta miƙa wa juna da naushi ko daga ina suke, su gajiyar da abokan karawa da gudu. Ya kuma shigo da wani ɗan benci mai suna Ted Hopkins, a lokacin da in aka fitar da mutum ba ya komawa. Hopkins ya ci huɗu. Aka tashi Carlton 111, Collingwood 101. Shi Hopkins ɗin wasa ɗaya tak ya ƙara yi a gasar bayan wannan, ya ajiye takalmi.

Gaskiya ba Barassi ne ya fara mai da naushi makami ba. Graham Farmer, wani dogo ɗan asalin mutanen farko na ƙasar, ya riga shi a Geelong tun farkon shekarun 1960. Sai dai Farmer mutum ɗaya ne mai baiwa, Barassi kuwa ya sa ƙungiya sukutum ta yi, a ranar da duk ƙasa take kallo. Daga ranar wasan tsaya-ka-buga ya fara ja da baya.

A 1973 ya karɓi North Melbourne, kulob ɗin talakawa wanda ya shiga gasa tun 1925 bai taɓa cin kofi ba, wanda kuma wasa ɗaya kacal ya ci a 1972. An yi sa'a a lokacin an kawo wata doka ta ɗan lokaci mai ba wanda ya shekara goma a kulob damar tashi, shugabannin North suka zuba kuɗi suka kwaso manyan 'yan wasa irin su Barry Davis da Doug Wade da John Rantall. Da su aka ci kofin farko a 1975. Na biyu ya zo a 1977, bayan an yi kunnen doki da Collingwood an sake karawa. Wannan ma wata alama ce, kofi ya zama abin da kuɗi ke iya taimakawa a samu. Su kuma 'yan wasansa ba su manta da harshensa ba, don faɗansa irin wanda yau ba kowane matashi zai jure ba ne.

Komawarsa Melbourne daga 1981 zuwa 1985 ba ta yi armashi ba, ko da yake a lokacin ne aka fara ɗauko samari daga ƙasar Ailan ana koya musu wasan, cikinsu har da Jim Stynes wanda ya zama gwarzon gasa a 1991. Barassi ya daɗe yana cewa wasan ba zai rayu ba in ya tsaya a unguwannin birni guda. Aka kuwa bi wannan hanya. South Melbourne ta ƙaura zuwa Sydney a 1982, gasar ta ɗauki sunan ƙasa baki ɗaya a 1990, Fitzroy ta narke cikin Brisbane a 1996, aka daina manyan wasanni a yawancin filayen unguwa. Da kulob ɗin Sydney ya kusa durƙushewa a 1993, shi aka kira yana da shekara 57. An ci su wasa 26 a jere kafin su sami nasara, kuma wadda suka kayar a ranar Melbourne ce.

Halinsa na fili bai bar shi ba har tsufa. A daren shiga sabuwar shekara ta 2009, yana da shekara 72, ya ga wasu samari suna dukan wata mace a unguwar St Kilda, ya tashi ya shiga tsakani, suka juyo kansa suka yi masa jina-jina. Kofi goma ya ɗaga a rayuwarsa, shida yana wasa a Melbourne, huɗu yana koyarwa a Carlton da North Melbourne. Tun daga 2024 duk kyaftin ɗin da ƙungiyarsa ta ci gasar ana rataya masa lambar yabo mai sunan Ron Barassi.