Ciwon suga da gajiyar masana'antar insulin a jikinka

Masu ciwon suga nau'i na 2 kan tambaye mu: me ya sa ƙwaya ɗaya ta ishe ni a da, yanzu kuma likita yana maganar allura? Wani ɓangare na amsar yana cikin sel, wato ƙananan ƙwayoyin da aka gina jiki da su.

Insulin furotin ne. Sel na musamman da ake kira beta ne ke yin sa a cikin pankiriyas, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi. Kowane furotin yana fitowa ne a miƙe kamar ƙyallen rawani, ba ya aiki sai an naɗa shi daidai. Ana yin naɗin insulin a wani sashe na sel mai suna endofilasmik retikulum, a taƙaice ER. Kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin da sel ke yi ta nan yake bi. Shi insulin sai an ɗaure shi a wuri uku kafin ya zauna, kuma ko a jikin mai lafiya wani yakan lalace wajen naɗi.

ER ba ya sakin abin da bai naɗu ba. Akwai furotin masu taya naɗi, babbansu BiP, da ke riƙe sabon furotin har ya daidaita. Wanda ya ƙi, sai a fitar da shi, a liƙa masa alamar da ake kira yubikwitin, a tura shi injin niƙa na sel ya wargaza shi.

To idan ɓatattun suka taru fa? A jikin bangon ER akwai masu gadi uku: IRE1, PERK da ATF6. A lokacin lafiya BiP yana manne da su, suna shiru. Idan aiki ya yi yawa sai BiP ya bar su ya tafi ɗauki, su kuma su farka. PERK ya rage shigowar sabon aiki. Sauran biyun su aika saƙo a ƙaro mataimaka, a faɗaɗa ER, a hanzarta kwashe shara. Peter Walter a Amurka da Kazutoshi Mori ɗan Japan ne suka gano rawar IRE1 a 1993, a cikin yis ɗin burodi.

Wannan tsari na wucin gadi ne. Idan matsin ya ƙi ƙarewa, masu gadin nan su ne dai ke ba sel umarnin mutuwa.

Nan ne ciwon suga ya shigo. Idan ƙiba da rashin motsa jiki suka sa jiki ya daina jin insulin sosai, dole sel ɗin beta su ninka aiki, dare da rana, shekara da shekaru. Yawan suga da kitse a jini na ƙara musu wahala. Wasu su raunana, wasu su mutu, kuma jikin babba ba ya saurin maye gurbinsu. Ba wannan kaɗai ke kawo ciwon ba, gado ma yana da hannu, amma yana cikin dalilan da ke sa ya yi ta gaba.

Akwai wata cuta da ba a cika gani ba, Wolcott-Rallison, inda ake haihuwar yaro da PERK marar aiki. Irin waɗannan jarirai kan kamu da ciwon suga tun suna 'yan watanni, kuma an fi samunta inda ake auren zumunci. Jaririn da ke yawan fitsari da ƙishirwa, ga rama, a gwada sugansa.

Saboda haka idan likita ya ƙara maka magani ko ya ce a fara allura, ba hukunci ba ne, ba kuma alamar ƙarshe ba ce. A ganina jinkirin da mutane ke yi don tsoron allura ya fi allurar illa, domin insulin na waje yana sauke wa sauran sel ɗin kaya. Rage ƙiba, tafiyar ƙafa ta minti 30 a yawancin ranakun mako, da rage lemon kwalba da shayi mai zaƙi duk suna rage buƙatar insulin. Babu gwajin ER a asibiti. Abin da ake dubawa shi ne sugan jini da gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ka tambayi likitanka yaushe ya kamata ka sake yin sa.