Sunan Gari a Matsayin Sunan Zuriya: Misalin Rurum

Rurum gari ne a ƙasar Rano, kudu da birnin Kano, kuma yana da mazaɓu biyu, watau Rurum Tsohon Gari da Rurum Sabon Gari. Amma a yau akan tarar da wannan kalma a ƙarshen sunan mutum a takardun makaranta da na aiki, tamkar sunan kakansa. Sanannen misali shi ne Kabiru Alhassan Rurum, wanda ya zama Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kano a 2015, sa'an nan aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta Tarayya mai wakiltar Rano da Bunkure da Kibiya a 2019. Abin tambaya shi ne, ta yaya sunan gari ya koma sunan mutum, kuma me yake nunawa game da mai shi?

A al'adar Hausawa ta asali babu sunan da zuriya ke gada kaka da kakanni. Mutum yana da sunan yanka, da laƙabi, sa'an nan a jingina shi ga mahaifinsa. In ana son nuna garinsu, harshe ya tanadi hanyoyi: ko a sa ɗafin "ba-", a ce Bakano ko Bakatsine, ko a sa "ɗan" ko "na", a ce ɗan Rano, ko Audu na Kibiya. Malamai kuwa suna bin ƙa'idar Larabci, kamar Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741. Duk waɗannan hanyoyi suna da wata alama ta nahawu da ke haɗa mutum da gari.

Sabon abu shi ne zubar da alamar, a jera sunan mutum da na gari tsurarsu. Wannan ya yaɗu ne da zuwan makarantun boko, tun daga Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Rajista tana neman suna biyu, ajin kuwa cike yake da masu suna Muhammadu da Abubakar, saboda haka sai aka riƙa rarrabe su da garuruwansu. Sardaunan Sakkwato, a Kwalejin Katsina, da Ahmadu Rabah aka san shi. Haka kuma aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sa'adu Zungur, da Shehu Shagari, da Aminu Kano.

Daga nan za a fahimci abu biyu. Na farko, irin wannan suna a waje ake haihuwarsa. A cikin Rurum ba wanda za a kira Rurum, domin kowa ɗan garin ne. Sai mutum ya fita karatu ko aiki ko fatauci sunan yake manne masa. Na biyu, ƙaramin gari ya fi babba amfani wajen rarrabewa. Masu amsa Kano ba su ƙirguwa, amma masu amsa Rurum kaɗan ne. Har ila yau, siffar kalmar tana taimakawa, gama yawancin sunaye a Hausa da wasali suke ƙarewa, ita kuwa da baƙin "m" ta ƙare, kamar Ringim da Gwaram da Katagum. Da jinta an san sunan wuri ne.

Ba Hausawa kaɗai suka bi wannan tafarki ba. A Konwal, can kuryar kudu maso yammacin Ingila, sunayen zuriya da yawa sunayen wurare ne a tsohon harshen ƙasar. Suna farawa da "Tre-", watau gidan gona, ko "Pol-", watau tafki, ko "Pen-", watau kai ko ƙarshen tudu. Trevithick, maƙerin da ya ɗora jirgin ƙasa mai tururi a kan dogo a 1804, sunan wuri yake amsawa. A ƙarni na 19 mahaƙan ma'adinai na Konwal suka bazu zuwa Amurka da Ostareliya da Meziko da Afirka ta Kudu, suka tafi da sunayen, har jikokinsu suna amsa sunan gonar da ba su taɓa gani ba.

Alamu sun nuna sunayen garuruwan Hausa sun kama wannan hanya. Fasfo da katin shaidar ɗan ƙasa da takardun banki suna bukatar suna guda da ba ya sakewa, uba kuma yakan rubuta wa 'ya'yansa abin da ke jikin takardunsa. Ta haka yaron da aka haifa a Kaduna ko Ikko zai tashi da sunan Rurum.

To, a nan ne ya wajaba mai binciken tarihin zuriya ya yi hattara. Mutum biyu masu amsa Rurum ba lalle ne su haɗa jini ba, gari suka haɗa. 'Yan'uwa biyu kuma, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya na iya amsa Rurum, ɗaya Rano, gwargwadon nisan inda aka fara rubuta kowannensu. Wanda ya ɗauki sunan gari a matsayin shaidar nasaba, ko a rabon gado ko a rubutun tarihi, zai haɗa waɗanda ba dangi ba, ya raba waɗanda ke ciki ɗaya. Sunan yana faɗin inda aka fito, amma asalin jini sai a tambayi dattawan gida.