Ampili mai fitila: abin da ya kamata mai gita ya sani kafin ya zuba kuɗinsa

Daga Agadas zuwa Yamai, gita mai aiki da kuran ta zama kayan kiɗan biki kamar kalangu. Samarin da suka tashi suna sauraron Bombino da Mdou Moctar da Tal National sukan fara da gitar aro, daga baya su tara kuɗi su sayi tasu. Sai dai gita ita kaɗai ba ta magana, sai da ampili, wato akwatin da ke ƙara mata murya. A nan ne da yawa ke yin asara. Saurayi ya ji an ce ampili mai fitila, wanda masu sana'ar ke kira "ampili a lamp", ya fi kowane daɗin sauti, sai ya kwashe ajiyar shekara guda ya saya, bayan ƴan watanni akwatin ya mutu, babu mai gyara, babu kayan canji. Ana iya kauce wa wannan idan an san abin da za a duba.

Mene ne fitilar, kuma me ya sa ake son ta

Fitilar wata ƴar kwalba ce da aka zuƙe wa iska, aka sa ƙarafa a cikinta. Akwai siririyar waya da ke yin zafi har ta yi ja, zafin ya sa wuta ta riƙa tsallakawa daga wani ƙarfe zuwa wani. Tsakaninsu akwai wata raga, ita ce ke karɓar ƴar ƙaramar wutar da gita ke aikowa, wadda sau da yawa ba ta kai bolt ɗaya ba. Motsi kaɗan a kan ragar yana juya wuta mai yawa, ta haka ƙaramin sauti ke zama babba. Ba'amurke Lee de Forest ne ya ƙirƙiro irin wannan fitila a 1906, kuma da ita tsoffin rediyoyin kakanninmu ke aiki. Da aka ƙirƙiro taransisto a 1947, sannu a hankali fitila ta ɓace daga rediyo da talabijin, amma masu gita suka riƙe ta.

Dalilinsu yana cikin abin da ke faruwa idan aka matsa wa ampili. Taransisto na gargajiya, idan ya kai iyakar ƙarfinsa, yakan yanke sauti farat ɗaya, kunne ya ji wani kaushi. Fitila kuwa a hankali take lanƙwasa sautin, ya yi kauri da ɗumi, ya ƙara tsawon rai. Idan mai kiɗa ya taɓa tsirkiya a hankali sauti ya fito garau, idan ya buga da ƙarfi ya yi gurnani, duk ba tare da ya taɓa wani maɓalli ba. Wannan biyayya ga yatsa ita ake saya da tsada.

Fitilun kashi biyu ne. Akwai ƙanana na gaba, mafi yawa 12AX7, wadda Turawan Turai ke rubuta wa ECC83, su ne ke fara ɗaga sauti da gyara launinsa. Akwai kuma manya na ƙarfi masu tura lasifika: EL84, EL34, 6V6 da 6L6. Ampilan Fender na Amurka sun yi suna da 6V6 da 6L6, masu sauti mai faɗi da tsabta. Na Ingila kuwa, Vox ya shahara da EL84, Marshall da EL34, sautinsu ya fi saurin yin gurnani.

Wat nawa kake bukata

Kuskuren farko shi ne auna ampili da yawan wat kawai. Kunnen ɗan Adam ba haka yake lissafi ba. Idan ka ninka wat sau biyu, ƙarar kaɗan take ƙaruwa. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Ke nan ampili mai wat 50 bai fi mai wat 5 ƙara sau goma ba, kamar ninki biyu ne kawai. Abin da yawan wat ke ba ka shi ne sarari: yadda za ka ɗaga murya sauti bai fara dagulewa ba.

Wannan batu yana da nauyi a wurinmu. Kiɗan gitar Nijar, ko na Abzin ne ko na ƙungiyoyin Yamai, yawancinsa yatsu ne masu gudu, kowane sauti na bukatar a ji shi daban. Ampili mai wat 5 yana da daɗi a ɗaki, amma da zarar mai ganga ya shigo, dole ka murɗa shi har ƙarshe, sautin ya cakuɗe. Saboda haka a raba bukatu uku.

Mai koyo a gida, wat 5 ya ishe shi har ya dami maƙwabta. Bugera V5 misali ne: fitilar 12AX7 ɗaya, EL84 ɗaya, lasifika mai inci 8, da maɓallin rage ƙarfi zuwa wat 1 ko ƙasa da haka.

Mai wasa da ƙungiya a ɗakin atisaye ko ƙaramin biki, ya nemi wat 15 zuwa 22 da lasifika mai inci 12. A wannan aji akwai Fender Blues Junior da Vox AC15, dukansu wat 15, sai Bugera V22 da Marshall DSL20. Masu rahusa a cikinsu su ne na Bugera, da Harley Benton Tube 15 da kantin Thomann na Jamus ke sayarwa. Idan akwai sono a wurin bikin, a sa mikro gaban lasifikar, ƙaramin ampili ya cika fili.

Mai wasa a fili, babu sono mai kyau, kuma yana son sauti garau, sai wat 30 zuwa 40, irin Peavey Classic 30 ko Fender Hot Rod Deluxe. Amma ya san nauyi zai ɗauka: Hot Rod Deluxe ya kai kilo 20, Blues Junior kuwa kamar kilo 14. Wanda babur ne abin hawansa ya yi wannan lissafi tun da wuri.

Girman lasifika ma yana canza komai. Ampili mai wat 15 da lasifika mai inci 12 ya fi cika wuri a kan mai wat ɗaya da shi da ke da inci 8.

Kuɗin da ba a rubuta a kan kwali ba

Farashin da ake gani a intanet yawanci da Yuro ne. Lissafin ba wuya, tunda Yuro ɗaya sefa 655,957 ne a tsaye: duk Yuro 100 jika 65 da ƴan kai. A kan wannan sai a ɗora kuɗin jigila da na duwan, kuma akwati mai nauyi da gilashi a ciki ba ya tafiya da arha.

Sannan fitila abu ne mai ƙarewa, kamar tayar mota. Ƙananan na gaba sukan yi shekaru, amma manyan, ga mai wasa kowane sati, suna iya gajiya cikin shekara ɗaya ko biyu. Masana'antun da suka rage suna ƙera su kaɗan ne a duniya: JJ Electronic a Slobakiya, wata a birnin Saratov na Rasha, da wasu a Sin. Shi ya sa lokacin da yaƙin Ukraine ya ɓarke a 2022 fitilu suka yi ƙaranci, farashinsu ya tashi. A kasuwanninmu ba kaya ba ne da za ka shiga butik ka tambaya a miƙo maka. Duk wanda zai sayi ampili ya haɗa da fitilun ajiya a oda ɗaya: 12AX7 ɗaya ko biyu, da manyan guda biyu waɗanda aka gwada aka tabbatar ƙarfinsu ɗaya, da ƴan fizibil masu lamba daidai da ta ampilin. EL84 da 12AX7 suna cikin mafi sauƙin samu da sauƙin kuɗi, wannan kuwa dalili ne babba na zaɓen ampilin da ke aiki da su.

Akwai wata tambaya da ya kamata a yi wa mai sayarwa: idan an canza manyan fitilu, sai an daidaita wutar da ke ratsa su, ko ampilin na daidaita kansa? Vox AC15 ba ya bukatar daidaitawa, haka ma ampilan Bugera masu tambarin Infinium. Wasu kuwa sai ƙwararre ya auna ya gyara. Ga wanda ke zaune a Tawa ko Tasawa, inda samun wanda ya san aikin fitila sai an tona, nau'in farko ya fi kwanciyar hankali.

Kuran, zafi da ƙura

Wutarmu bolt 220 ce. Ampilin da aka ƙera don Turai, mai 230, yana aiki da ita lafiya. Wanda aka ƙera don Amurka kuwa na 120 ne, idan aka soka shi kai tsaye a bango, taransfonsa na iya ƙonewa nan take. Kafin komai a juya bayan akwati a karanta abin da aka rubuta, musamman idan ɗan'uwa ne ya aiko shi daga can. Idan na 120 ne, dole sai da taransfon rage wuta mai ƙarfin da ya fi abin da ampilin ke ja.

Hawa da saukar wuta ma suna cin fitila. Ta fi shan wahala lokacin da aka maido kuran bayan ɗaukewa, ko a kan ƙaramin gurup da ke ɗauke da sono da fitilun biki gaba ɗaya. Regilater mai VA 1000 ya ishi ƙaramin ampili, kuma kuɗinsa bai kai na taransfo sabo ba. Idan wuta ta ɗauke, a kashe ampili, a jira ta dawo ta zauna.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi. Tsirkiyoyin gita a haɗe suke da jikin ampili. Idan babu wayar ƙasa, kuma wani abu ya lalace a ciki, mai kiɗa na iya zama hanyar da wuta za ta bi, musamman idan leɓensa ya taɓa mikro yana riƙe da gita. Haka mai gita ɗan Sikotilan Les Harvey ya rasu a kan dandali a Swansea a 1972. Kada a karya ƙafar ƙasa ta filogi don ta shiga soket, kuma kada a yi wasa ƙafa ba takalmi a ƙasa mai danshi.

Fitila zafi take yi ko da sanyi ake, balle a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. A bar sarari tsakanin bayan ampili da bango, kada a ɗora masa tufafi, kada a ajiye shi a rana. Ƙaramar fanka a bayansa tana ƙara masa kwana. Lokacin hunturu a rufe shi da zane idan ya huce, don ƙura ce ke sa maɓallai ƙarar ƙwaraf-ƙwaraf. Bayan wasa a ba shi minti goma ya huce kafin a ɗauka, a mota kuma a shimfiɗa masa katifa ko bargo.

Idan na hannu ne

Yawancin masu ƙaramin ƙarfi na hannu za su saya, ko a Katako, ko ta Kano, ko daga wani makaɗi. A tafi da gita da waya, kada a saya ba a ji ba.

A fara tabbatar da cewa mai fitila ne na gaske. Akwai masu ruwa biyu, irin Marshall Valvestate ko Orange Micro Terror, masu fitila ɗaya a gaba, sauran aikin taransisto ne. Ba su da laifi, amma bai kamata a biya musu kuɗin mai fitila ba. Na gaske yana da manyan fitilu a baya, da taransfo biyu, shi ya sa yake da nauyi.

A dubi fitilun. Kowace tana da tabo mai sheƙi kamar madubi a cikin gilashi. Idan tabon ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, fitilar ta mutu. A kunna ampili a bar shi aƙalla minti ashirin, don wasu cututtukan sai ya yi zafi suke bayyana. Ƴar wayar tsakiya ta yi ja, daidai ne. Amma idan faffaɗan ƙarfen cikin fitilar ne ya yi ja kamar garwashi, a kashe nan da nan. A ɗan ƙwanƙwasa ƙananan fitilu da fensir: wadda ta amsa da ƙara mai ƙarfi ko fito a lasifika ta gaji. Gunji mai ƙarfi da ba ya tafiya ko an rage murya yakan nuna kondansater sun tsufa. Warin ƙuna daga taransfo kuwa, a bar cinikin.

Dokoki biyu ba su da sassauci. Ba a kunna ampili mai fitila ba tare da lasifika a haɗe ba, don taransfon fita na iya ƙonewa, kuma lambar om ta lasifika, 4 ko 8 ko 16, ta dace da ramin da aka soka ta. Na biyu, ba a buɗe cikinsa da hannun koyo. Wutar da ke ciki takan kai bolt 300 zuwa 500, kuma kondansater na iya riƙe ta ko bayan an zare filogi.

Shin dole ne sai mai fitila?

Ba dole ba ne. Roland JC-120, wanda ya fito a 1975, taransisto ne zalla, kuma manyan makaɗa a duniya suna neman sa saboda tsabtar sautinsa, irin tsabtar da kiɗanmu ke so. Sababbi irin Boss Katana suna kwaikwayon sautin fitila ta hanyar lissafin kwamfuta, ba su da nauyi, ba su da fitilar da za a canza. Makaɗin da ke yawon biki daga gari zuwa ƙauye a kan gurup, wanda idan ampili ya mutu ranar Asabar cinikin sati ya tafi, irin waɗannan sun fi yi masa amfani.

Mai fitila ya dace da wanda ke da wurin ajiya, da regilater, da hanyar samun fitilu, da mai gyaran da ya yarda da shi. Idan waɗannan huɗu sun samu, ampili mai wat 15, da lasifika mai inci 12, da fitilun EL84, wanda aka ƙera don bolt 230, shi ne zaɓin da ya fi dacewa da aljihu da kuma irin wasan da ake yi a nan. Idan ɗaya ya rasa, gara a jinkirta, a sayi mai taransisto mai kyau, ragowar kuɗin a zuba su a tsirkiya da waya mai inganci.